Harshen da Ya Rage wa Yona Tafinta

Yona Shekwolo tafinta ne a wata kotun majistare a Minna. Na same shi a can a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, lokacin da aka dawo da ni daga Sakkwato a matsayin magatakarda, kuma mun yi aiki tare har ranar da ya ajiye aiki. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum cikin kwat mai ruwan toka, ko da kuwa zafin Minna ya kai inda fankar kotu ba ta da amfani.

A Garatu aka haife shi, kan hanyar Bida, a gidan manoman doya. Da yaren Gbagyi ya buɗe baki. Hausa ya tsinta a kasuwa da coci, Nufanci a wajen abokan da ya yi dako da su a tashar jirgin ƙasa, Turanci kuwa sai da ya fara tsiro gemu sannan ya shiga makarantar mishan ya koya. Duka huɗun yana jin su sosai, amma da Hausarsa ya fi taƙama. Ya goge ta har Bakano ba ya gane cewa ba a cikinta aka haife shi ba.

Aikinsa bai da kwalliya. Yakan tsaya tsakanin majistare da mai ba da shaida, idonsa a ƙasa, ya karɓi magana daga nan ya miƙa can. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Wata rana wata tsohuwa da aka yanke hukunci a kan ɗanta ta zagi majistare da yare, zagi mai nauyi. Yona ya juya ya mayar da zagin Turanci kalma bayan kalma, da muryar da yake karanta sunayen shaidu. Da na yi masa magana bayan an tashi, sai ya ce shi ba a ɗauke shi aiki don ya gyara wa mutane hali ba.

Matarsa Rifkatu 'yar Pankshin ce. Mahaifinta ma'aikacin reluwe ne, aiki ya kawo su Minna tana budurwa. Ba ta jin Gbagyi, shi kuma ba ya jin yarenta. Da Hausa ya nemi aurenta, da Hausa aka ɗaura, da Hausa suka yi faɗa suka shirya shekara da shekaru. 'Ya'yansu ma da ita suka tashi, daga baya suka ƙara da Turancin makaranta. Suna zaune a Ketaren Gwari, a gidan da ya gina ɗaki bayan ɗaki, Rifkatu tana da injin markaɗe a ƙofar gida. Babbar 'yarsu Liyatu ta yi karatun jinya, tana aiki a Kaduna.

Wajen tsakiyar shekarun tamanin na fara lura da cewa Yona yana tsayawa a tsakiyar jimla. Kalmar Turanci ce ke maƙale masa. Yakan yi shiru, ya shafa aljihun kwat kamar a can ya ajiye ta, sannan ya zagaya ya kawo wata. Na ɗauka gajiya ce. Sai ranar wata shari'ar iyakar gona, majistare ya yi tambaya da Turanci, Yona ya juya ga mai shaida, wani dattijo Banufe, ya maimaita masa tambayar da Turancin nan dai. Mutane suka yi dariya. Shi bai gane abin da ake wa dariya ba, ya sake maimaitawa da ƙarfi. Bayan 'yan makonni kuma ya karɓi jawabin wata mata ya miƙa wa majistare da yaren Gbagyi, ya tsaya yana jiran amsa.

Majistare mutumin kirki ne. Ya kira shi ofis, aka shirya masa ritaya ba tare da surutu ba. Ranar da aka yi masa walimar ban kwana an ba shi agogon bango, ya tashi zai yi godiya, ya ce mana mu zauna lafiya, sai ya koma ya zauna.

A unguwa an yi maganganu. Waɗansu suka ce wani da aka ɗaure ta bakinsa ne ya yi masa sammu. 'Yan'uwansa daga Garatu suka kawo saiwoyi da turare. Matan zumunta na cocinsu suka riƙa zuwa addu'a ranar Laraba. Rifkatu ba ta hana kowa ba, ta jiƙa saiwoyin ta ba shi, ta shimfiɗa wa masu addu'a tabarma. Amma abin ci gaba ya yi. Yakan sa takalminsa a cikin tukunya, ya tambayi ko an kawo abinci alhali kwanon na gabansa babu komai. Liyatu ta zo hutu ta gani, ta ce sai an kai shi wurin wani likitan ƙwaƙwalwa da ta sani a Kaduna. Ni ke da mota, don haka ni na kai su, kuma da yake Rifkatu ta ce in shigo, na ji abin da aka faɗa.

Sunan likitan Ndaliman, Banufe ne dogo mai magana a hankali. Ya gaisa da Yona da Nufanci, Yona ya amsa gaisuwar daidai, amma daga nan bai iya ci gaba ba. Likita ya tambaye shi wace shekara ake ciki, ya faɗi wata da ta wuce tun tuni. Ya cire agogon hannunsa ya nuna masa, ya ce mene ne wannan. Yona ya duba, ya duba, ya ce abin nan ne da ke faɗa wa mutum rana. Aka ɗebi jini, aka yi waɗansu gwaje-gwaje, muka kwana a gidan Liyatu. Kashegari likita ya sa wata ma'aikaciya ta zauna da Yona a waje, ya kira mu ciki.

Ya ce wa Rifkatu ba hauka ba ne, ba kuma tsufa kaɗai ba. Ya ɗauki biro ya zana wani abu a bayan ambulan, dunƙule ɗaya da rassa masu yawa kamar saiwar ciyawa. Ya ce ƙwaƙwalwar mutum cike take da irin waɗannan ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu, kowace tana taɓa maƙwabtanta da bakin rassanta tana miƙa musu saƙo. Sunan mutum, hanyar gida, kalmar da ake kiran agogo da ita, duk a cikin wannan miƙe-miƙen suke zaune. A ciwon da yake zaton Yona na da shi, abu biyu ke faruwa. Akwai wani sinadari da ƙwayoyin ke fitarwa, wanda a mai lafiya wanke shi ake yi ya wuce, amma a nan sai ya riƙa manne wa juna yana taruwa a tsakaninsu kamar ƙanzo a gindin tukunya. A cikin kowace ƙwaya kuma akwai zaruruwa miƙaƙƙu da abinci ke bi daga tsakiya zuwa bakin rassa. Abin da ke riƙe da zaruruwan nan sai ya saki, ya murɗe, ya cukurkuɗe. Abinci ya daina isa, reshe ya bushe daga baki, saƙo ya yanke. Ƙwayar da ta lalace haka ba a barinta, ita da kanta takan rufe aikinta ta mutu, jiki ya share gurbin. Irin waɗannan ƙwayoyi kuwa ba kamar fata ba ne da ke sake tsirowa.

Liyatu ta tambaye shi wanne ne ke fara kashewa, ƙanzon ko zaren. Ya ce masu binciken kansu ba su daidaita ba, ana ta gardama a kai, kuma babu wanda ya san dalilin da ya sa yake kama wani ya bar wani. Magani dai babu. Akwai abin da zai ba shi don barci da rage firgita, shi ke nan.

Rifkatu ta daɗe tana kallon zanen.

"Likita, wa ya sa masa?"

"Babu kowa, Mama. Jikinsa ne ke yin abin, yadda yake yin gashi da farce."

"Yana jin zafi?"

"A kansa, a'a. Amma zai riƙa jin tsoro, don zai riƙa ganin kansa a wurin da bai sani ba."

Sannan ya ƙara da cewa ciwon yakan fara cin abin da mutum ya koya daga baya, ya bar na ƙuruciya zuwa ƙarshe. Tunda Turanci ya tafi, Nufanci na bin sa, to ta shirya, mai yiwuwa Hausar ma ta tafi. Rifkatu ta ce ai da Hausa suke magana. Likita ya ce ya sani.

A hanyar dawowa, da muka wuce Suleja, Rifkatu ta ce in tsaya ta sayi albasa. Yona yana barci a baya, bakinsa a buɗe.

Hausar ba ta tafi rana ɗaya ba. Da farko gogewar ce ta zube. Mutumin da ke gyara wa lauyoyi lafazi sai ga shi yana ce wa matarsa "kai", yana ce wa ƙofa kofa, irin Hausar da yake yi yana yaro in ya kawo doya kasuwa. Daga baya ya riƙa fara jimla da Hausa ya ƙarasa da yare. Rifkatu takan kama farkon maganar ta yi hasashen sauran. Bayan shekara biyu ko uku babu farkon ma. Yana yi mata magana doguwa, da hannu da fuska, ya tsaya yana jiran amsa, ita kuma ta ce "to". Wani lokaci "to" ɗin ya dace, wani lokaci ya fusata shi ya ture kwano. 'Yan'uwansa suna da gonakinsu, ba kullum za su zo ba. Maƙwabta masu jin yaren sukan taimaka in an kira su, amma mace ba ta kiran maƙwabci a duk lokacin da mijinta ya buɗe baki.

Wata safiya da damina, Rifkatu tana kan inji mata sun yi layi da bokitan wake, ya fice ta ƙofar baya. Kafin ta farga ya yi nisa. Aka bazama, ni ma aka aiko min, na zagaya tasha da kasuwa da tsohuwar kotu a mota. Ba can ya nufa ba. Ya kama hanyar Bida da ƙafa. Da la'asar wani makiyayi mai suna Buba ya gan shi zaune a bakin wata gona wajen Gidan Kwano, jiƙe sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya. Ya kai shi ruga. Matar Buba, Maijidda, tana kawo nono Ketaren Gwari, ta gane shi nan take. Ta kuma tashi a cikin Gbagyi tun tana yarinya, tana jin yaren kamar nata. Ta tambaye shi ina za shi, ya ce gida, uwarsa na jiransa za su je gona kaftun doya. Uwar ta rasu tun kafin in san shi. Suka ba shi fura, suka sa shi a akori-kura, Maijidda ta rako shi har gida.

Daga ranar, duk lokacin da ta shigo gari da ƙwaryarta, takan ƙarasa tallanta a gidan Yona. Ta sauke kaya a inuwar mangwaro, ta zauna tsakanin miji da mata. Ta nan Rifkatu ta san cewa haƙorinsa na ciwo, ta san cewa tsoron madubin ɗaki yake yi don yana ganin wani tsoho a ciki yana kallonsa. Aka kai shi aka cire haƙorin, aka rufe madubin da zane.

Ina wurin ranar da ya nuna Rifkatu da haɓa ya yi wa Maijidda wata tambaya a hankali, kamar mai jin kunya. Maijidda ta ce:

"Mama, Baba ya ce matar nan tana da kirki. Wai in tambaye ki ko kina da miji."

Rifkatu tana tsince shinkafa a tire. Ba ta ɗago ba.

"Ki ce masa ina da shi."

Maijidda ta faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce wani abu gajere. Ta ce wai ya ce mutumin ya yi sa'a.

Ba kullum maganar ke da daɗi haka ba, kuma Rifkatu ta fara lura. Yona zai yi magana mai tsawo, jijiyar wuyansa a tashe, Maijidda ta ce wai ruwa yake so. Sai Rifkatu ta fara koyon yaren da kanta, tana da shekara kusan sittin. Ta riƙa tambayar matan da ke kawo markaɗe yadda ake cewa kaza, ta riƙa zama kusa da masu sayar da itace a kasuwa tana saurara. Ta sha dariya, don yaren na da hawa da sauka, in murya ta kauce kaɗan sai kalma ta zama wata. A coci ta koma zama a layin tsofaffin matan Gbagyi.

Kafin damina ta zagayo ta fara kama abin da yake faɗa. Cewa yake yi an sato shi an kulle a gidan baƙi, matar nan ce ke tsaronsa, ita ta ɓoye awakin uwarsa, kuma abincin da take ba shi ba a san abin da ke ciki ba. Ranar da Maijidda ta sake cewa ruwa yake so, Rifkatu ta ce ba ruwa ya ce ba, ɓarauniya ya ce.

"Mama, ba shi ke faɗa ba, ciwo ne."

"Na sani. Amma ki riƙa ba ni yadda ya faɗa. In ban san abin da yake tsoro ba, ta ina zan fara?"

Abin da ta yi da wannan sani mai sauƙi ne. Ta daina gaya masa cewa nan gidansa ne, tunda hakan faɗa kawai yake jawowa. In ya tambayi uwarsa sai ta ce ta tafi gona, ta ce a jira ta a nan. Ta sayo awaki biyu ta ɗaure a inda zai riƙa ganinsu. Abinci kuwa sai ta fara ci daga kwanonsa a gabansa kafin ta tura masa. Fushin ya ragu sosai. Ya kuma samu aikin yi, don duk lokacin da ta yi kuskure a yaren sai ya ɗaga yatsa ya maimaita kalmar daidai, ya sa ta sake faɗa har sai ta yi yadda yake so. Wani lokaci kuskuren nata kan ba shi dariya har da hawaye. Rifkatu ta gaya min cewa a duk shekarun ciwon, wannan ranin ne ta fi samun sauƙi. Bai san ita wace ce ba, amma yakan neme ta in ta fita, kuma suna hira.

Hakan bai daɗe ba. Yaren ma ya fara raguwa, jimla ta koma kalma biyu, kalma biyu ta koma ɗaya. Abin mamaki shi ne waƙoƙin coci. Ba ya iya neman ruwa da Hausa, amma in matan zumunta suka ɗauko waƙa sai ya bi su baiti bayan baiti, da Hausa tsaf. Da Liyatu ta gaya wa likita, ya ce haka ake gani, wurin da waƙa ke zama a ƙwaƙwalwa daban yake, kuma ciwon yakan isa can a makare.

Zuwana na ƙarshe yana zaune a kujerar roba a tsakar gida, an ɗaura masa zane a wuya saboda yawu. Ya rame, kafaɗun nan sun zube. Na gaishe shi da Hausa, na gwada 'yar gaisuwar Gbagyi da na iya. Ya dube ni kamar yadda ake duban mai wucewa a hanya. Daga baya tafiya ta gagare shi, sannan haɗiya. Rifkatu ta rufe injin, ta riƙa ba shi kunu da ƙaramin cokali, tana juya shi a gado don kada bayansa ya yi gyambo. Kunun ne wata rana ya bi ta hanyar iska, ƙirji ya kama, zazzaɓi ya shiga. Ya rasu a farkon rani na shekarar casa'in da biyar, da hantsi, Liyatu da uwarta suna ɗakin.

Likita Ndaliman ya aiko da ta'aziyya ta hannun Liyatu, tare da wata tambaya. Ya ce duk abin da ya faɗa mana zato ne mai ƙarfi da ya gina a kan alamu, ba a tabbatar da irin wannan ciwo sai an yanki ƙwaƙwalwa an duba ta da madubin asibiti bayan mutuwa. Idan iyali sun yarda, za a iya yi. Liyatu ta so a yi. 'Yan'uwansa suka ce ba za a taɓa gawar ba, Rifkatu ta ce ita ma ba ta ga abin da hakan zai ƙara mata ba. Aka kai shi Garatu aka binne kusa da iyayensa. Buba da Maijidda sun zo, suka tsaya daga gefe har aka gama. Mutanen ƙauyen da suka san Rifkatu shekara talatin da wani abu ba ta jin ko sannu, suka zo yi mata ta'aziyya da Hausa, ta riƙa amsa musu da yarensu.

Liyatu ta nemi ta koma Kaduna da zama wurinta, ta ƙi. Dangin mijin suka yanka mata wani yanki a gonar gado, ta riƙa zuwa da damina tana shuka gyaɗa da kuɓewa, tana kwana a ɗakin wata ƙanwarsa.

Liyatu kuwa, da ta koma bakin aiki, ta je ta sami likitan a ofishinsa ta tambaye shi ko abin na bin jini. Ya ce akwai 'yan gidaje da yake bi, musamman inda ya kama mutane da ƙuruciyarsu, amma yawanci ba haka ba ne, kuma ba shi da gwajin da zai gaya mata ko tana ciki. Ya ce ta kula da hawan jininta. Ta yi godiya, ta koma ɗakin masu haihuwa inda take aiki a lokacin.